Yadda Ake Gano Takardun Fanshon 'Yan Mazan Jiyan Amurka a Littattafan Kotun Gunduma

Tun da na yi suɓul-da-baka na ce wani sashe na abincina daga tonon tsofaffin takardun Amurka yake fitowa, tambaya ba ta yanke ba. Wata 'yar'uwa da ke aure a Ohio tana son gano kakan kakan mijinta da aka ce ya yi yaƙin basasa. Wani ɗalibin tarihi yana neman abin da zai gina kundin digirinsa a kai. Mafi yawa kuwa matasa ne da suka ji ana biyan kuɗi a yi wa mutum binciken asali daga nesa, suna son sanin ta ina ake kama aikin. Amsa ɗaya-ɗaya ta gajiyar da ni, to ga ta a dunƙule.

Abu guda nake so ya zauna maka kafin ka taɓa kwamfuta: kotun gunduma ba ta taɓa ba kowa fanshon tarayya ba, shaida ce kawai. Tsohon soja zai zo ranar zaman kotu, ya rantse, ya ba da labarin yaƙinsa, akawu ya rubuta, a buga hatimi, a aika Washington. Ke nan takarda ɗaya tana barin sawu biyu, ainihinta can babban birni, inuwarta kuma a littafin kotu. Wani akawun mai himma yakan kwafe jawabin gaba ɗaya, wani layi biyu yake yi ya wuce, wani ma ko alƙalami bai ɗaga ba. Wanda ya fara da gunduma yakan ɓata. Wanda ya tsaya a Washington kuma yakan bar rabin labarin a baya.

Kayan aiki ba su da yawa. Kwamfuta mai faffadan allo, domin rubutun hannu na shekara 200 ba ya karantuwa a waya. Data mai kauri, tunda hotunan shafuka suna ci. Rajista a FamilySearch, shafin binciken asali na intanet, kyauta ce. Sai littafin rubutu ko jadawali a kwamfuta, inda za ka riƙa rubuta duk inda ka duba, har da inda ba ka sami komai ba.

1. Tsayar da mutumin da yaƙinsa

Rubuta abu huɗu a saman shafi: cikakken suna, kimanin shekarar haihuwa, sunan matarsa, da inda ya ƙare rayuwarsa. Shekarar haihuwa ce za ta nuna maka yaƙin. Yaƙin neman 'yanci daga Birtaniya an yi shi daga 1775 zuwa 1783, wanda aka haifa bayan 1768 da wuya ya shige shi. Yaƙi na biyu da Birtaniya daga 1812 zuwa 1815 ne. Yaƙin basasa kuma, tsakanin jihohin arewa da na kudu, daga 1861 zuwa 1865.

Ƙidayar jama'a tana taimakawa. Ta 1840 ta rubuta sunaye da shekarun masu karɓar fanshon soja, da sunan maigidan da suke zaune a gidansa. Sau da yawa maigidan nan suruki ne, sai ka tsinci sunan mijin 'yarsa a ɓagas.

Hattara: a wancan zamani uba da ɗa da ɗan'uwan uba duk suna iya ɗaukar suna ɗaya a gunduma ɗaya. Kada ka manna wa mutuminka fayil don kawai suna ya dace. Sai sunan mata ko wurin zama ya gaskata.

2. San dokar da ya nema a ƙarƙashinta

Nan ne mutane suke ƙosawa, nan ne kuma aikin yake. Ba a neman fansho sai Majalisar Dokoki ta buɗe ƙofa, kowace ƙofa kuma da shekararta da irin takardar da take bukata. In ka san dokar, ka san watannin da za ka buɗe a littafin kotu. In ba ka sani ba, allura ce cikin ruwa.

Dokar 18 ga Maris 1818 ta shafi waɗanda suka yi aƙalla wata tara a rundunar ƙasa ta Janar George Washington lokacin yaƙin neman 'yanci, kuma suke cikin talauci. Hafsa dala 20 a wata, ƙaramin soja dala 8. Masu nema suka yi yawan da ya firgita gwamnati, aka fara ƙorafin cewa masu hali ma suna karɓa.

Shi ya haifi dokar 1 ga Mayu 1820, wadda a wurina ita ce zumar wannan aiki. Ta tilasta wa kowane mai karɓa ya koma kotu da lissafin duk abin da ya mallaka, ya faɗi sana'arsa, da sunaye da shekarun waɗanda yake ciyarwa. Za ka ga an jera saniya ɗaya, tukunyar ƙarfe, gatari, kujeru uku ɗaya ta karye, kowanne da kuɗinsa a gefe, sannan bashin da ake bin sa. Joseph Plumb Martin, wanda ya shafe kusan dukan shekarun yaƙin a bakin daga, da aka ƙiyasta kayansa a Maine dala 52 suka kama. An cire dubban mutane daga jerin masu karɓa saboda wannan lissafi, dokar 1823 ta mayar da wasu. In mutuminka yana cikinsu, za ka same shi a kotu sau biyu ko uku.

Dokar 7 ga Yuni 1832 ita ce babbar ƙofa. Ta haɗa da dakarun jihohi, ta cire sharaɗin talauci, ta ce wata shida ya isa. Wanda ya cika shekara biyu yana samun cikakken albashinsa, na ƙasa da haka a yi masa gwargwado. Sojan ƙasa mara muƙami dala 80 a shekara in ya cika shekara biyu, dala 20 in wata shida ne. Daga adadin kuɗin kaɗai kana iya gane tsawon aikin da gwamnati ta yarda ya yi. Yawancin masu neman sun bayyana a kotu tsakanin damina ta 1832 da ƙarshen 1833, tsofaffi tukuf, 'yan shekara 70 zuwa 80.

Sai matan da mazajensu suka rasu. Dokar 4 ga Yuli 1836 ta karɓi wadda aka aura kafin mijin ya gama aikin soja. Ta 7 ga Yuli 1838 ta faɗaɗa zuwa auren da aka ɗaura kafin 1 ga Janairu 1794. Ta 1848 ta matsa zuwa farkon 1800, ta 1853 kuma ta cire maganar ranar aure gaba ɗaya. Shi ya sa yarinyar da tsoho ya aura a ƙarshen rayuwarsa take iya karɓa har cikin wani ƙarni. Ta ƙarshe a cikinsu, Esther Sumner Damon, sai 1906 ta rasu a Vermont.

Sojojin 1812 sun daɗe suna jira. Fanshon hidima bai zo musu ba sai 1871 ga wanda ya yi kwana 60, sannan 1878 ga wanda ya yi kwana 14. Kafin nan fili aka riƙa ba su tukuici a ƙarƙashin dokokin 1850 da 1855, kuma shi ma sai da rantsuwa a gaban hukumar gunduma.

3. Ɗauko fayil ɗin Washington tukuna

Fayilolin yaƙin neman 'yanci sun kai kimanin 80,000, suna hannun hukumar adana takardun tarihi ta ƙasa, wadda ake kira NARA. An ɗauke su a hoto ƙarƙashin lamba M804. Kana iya duba su kyauta a kundin NARA na intanet, FamilySearch yana da fihirisa, Fold3 kuma, shafin takardun soja, ya fi sauƙin bincike amma na kuɗi ne. In sojan a kudu ya yi yaƙi, fara da shafin revwarapps.org, inda masu aikin sa-kai suka kwafe dubban takardu zuwa rubutun na'ura, ba ko kwabo. Fayilolin 1812 da aka riga aka ɗora a Fold3 su ma kyauta ne.

Dubi harafin da ke gaban lambar fayil. S na nufin sojan da kansa ya nema ya samu. W matarsa ce. R an ƙi. BLWt takardar fili ce.

Kada ka tsallake R. Ƙin amincewa ba ya nufin mutum ya yi ƙarya, sau da yawa hujja ce ta gaza ko watanni ba su cika ba, kuma wanda aka ƙi yakan yi ta turo shaidu, fayil ya yi ta kumbura. Jehu Grant ya gudu daga ubangidansa a Rhode Island ya shiga aikin tuƙa keken kaya na soja, ya nemi fansho a 1832, aka hana shi da hujjar cewa lokacin bawa ne da ya tsere. Wasiƙar da ya mayar a 1836 tana cikin fayil ɗin har yau.

Hattara biyu a nan. Akwai wani tsari mai lamba M805 wanda ya tsinto shafukan da ba su wuce goma ba daga kowane fayil. In ka ga fayil ya ƙare da wuri, duba lambar, wataƙila gutsuren aka ba ka. Na biyu, gwajin kyauta na Fold3 kwana bakwai ne, kuma da kansa yake zarcewa ya ciri kuɗi. Tara sunayenka tukuna, ka shiga ka sauke, ka soke kafin ranar.

Haruffan suna kuma kada ka riƙe su da ƙarfi. Akawu abin da kunnensa ya ji yake rubutawa, da yawa cikin masu neman kuma alamar X suke yi a madadin sa hannu. Gwada suna ta hanya uku ko huɗu, ka sa alamar tauraro a wurin haruffan da kake shakka. Wanda ya taɓa zama bawa yakan yi aikin soja da sunan ubangida: Jeffrey Brace, haifaffen Afirka ta Yamma, da sunan Stiles ya yi yaƙi, wannan ya jawo masa jinkiri har 1821 kafin kuɗinsa su fito.

4. Karanta, ka tsamo abin da zai kai ka kotu

Sauke fayil gaba ɗaya, kada ka zaɓa. Daga can baya akan sami wasiƙun da jikoki suka rubuto a farkon ƙarni na 20, da amsar da ma'aikata suka buga musu da tafireta. Fara da wannan amsa don idonka ya saba da sunayen, amma kada ka dogara da ita, su ma sukan karanta ba daidai ba.

Layukan farko na takardar rantsuwa su ne taswirarka. A nan ake rubuta jiha, gunduma, ranar zama, da sunan kotun. Kwafe su harafi da harafi.

A takardun 1832 akwai tambayoyi bakwai da Ma'aikatar Yaƙi ta ce a yi wa kowa: ina aka haife ka kuma yaushe, kana da shaidar shekarunka a rubuce, ina kake zaune lokacin da aka kira ka da duk inda ka zauna bayan nan, da kanka ka shiga ko tilasta ka aka yi ko madadin wani ka je, su waye hafsoshinka, an ba ka takardar sallama, su wa za su shaide ka a unguwa. Tambaya ta uku ta fi mini kowace daraja, domin ita take jera maka gundumomin da iyalin suka bi. Limamin coci da maƙwabcin da suka sa hannu a ƙasa su ma rubuta sunayensu, ba safai suke zama bare ba.

A fayil ɗin mata abin da ake nema hujjar aure ce. Da yawa sun yage shafin haihuwa da aure daga Baibul na gidansu suka aika, ba a kuma mayar musu ba. Wani lokaci matar ta fi mijin iya labari. Sarah Osborn ta bayyana a kotun gundumar Wayne ta Pennsylvania a 1837, ta ba da labarin yadda take kai wa sojoji nama da burodi da kofi cikin ramukan yaƙi na Yorktown a Virginia, har Janar Washington ya tambaye ta ko ba ta tsoron harsashin igwa.

Rubutun yana da tarkonsa. Akwai doguwar s mai kama da f. Jno. John ne, ba Jonathan ba. Jas. James ne, Wm. William. In kana son horo, NARA tana karɓar 'yan sa-kai su kwafe waɗannan fayiloli ta intanet. Mako biyu a can ya fi duk wani darasi da zan ba ka.

5. Gano gundumar yadda take a ranar

A nan na taɓa cin ƙasa. Na shafe mako uku ina juya hotunan littattafan wata gunduma, shafi bayan shafi har idona yana ruwa, saboda a can kabarin mutumin yake. Ashe gundumar ba ta ma wanzu ba a 1832, sai bayan shekaru aka yanko ta daga uwarta. Mutumin bai taɓa ƙaura ba, iyaka ce ta ƙaura ta kansa. Da na buɗe littafin uwar gundumar, ban cika minti 40 ba na same shi.

Dokar ita ce, takarda tana zama inda aka rubuta ta. Ɗakin karatu na Newberry da ke Chicago yana da taswirar sauye-sauyen iyakokin gundumomi a intanet, kyauta. Sa jiha, sa shekara, ka ga yadda iyakar take a ranar. Jihohin ma sun motsa: Kentucky cikin Virginia take har 1792, Maine cikin Massachusetts har 1820, West Virginia sai 1863 ta ɓalle.

Sannan ka bincika ko gundumar tana cikin waɗanda takardunsu suka ƙone. A Virginia wasu gundumomi sun kai littattafansu Richmond, babban birnin jihar, don tsira lokacin yaƙin basasa, gobarar Afrilu 1865 ta cinye su a can. Hanover da New Kent da Gloucester suna cikin waɗanda suka yi babbar asara. Ɗakin karatu na jihar Virginia yana da jerinsu. Minti biyar na dubawa zai hana ka biyan kuɗin neman abin da ya zama toka.

6. Shiga littattafan kotu

A FamilySearch shiga sashen kundi, wato Catalog, ka nema da sunan wuri, ba da sunan mutum ba. Rubuta ƙasa, jiha, gunduma. A jerin da zai fito zaɓi takardun kotu. Littattafan da kake so su ne masu suna order book ko minute book, inda akawu yake rubuta abin da ya gudana a kowane zama. Sunan kotun yana bambanta: a North Carolina Court of Pleas and Quarter Sessions ce, a Ohio da Pennsylvania Court of Common Pleas. Shi ya sa na ce ka kwafe sunan daga fayil.

Alamar kyamara na nufin za ka iya gani daga gida. Kyamara da mabuɗi a kanta na nufin sai a cibiyar FamilySearch ko ɗakin karatu mai alaƙa da su, kuma akwai irin cibiyoyin a wasu biranen Najeriya da Gana. Akwai kuma binciken cikakken rubutu, inda na'ura take karanta rubutun hannu. Sa sunan tare da kalmar pension ko declaration, ka taƙaita da gunduma da shekara. Yana rage wahala ƙwarai, amma yana tsallake shafukan da tawadarsu ta dushe. Rashin samu a can ba hujja ba ce.

Fihirisar gaban littafi ma haka. Akawu masu ƙara da waɗanda ake ƙara ya fi damuwa da su, tsoho mai neman fansho sau da yawa ba ya shiga. Je kai tsaye zaman watan da fayil ya faɗa, ka karanta daga buɗewa zuwa rufewa. Za ka ratsa ta naɗin masu gyaran hanya, lasisin masauki, rigimar bashi, sai kwatsam ka ga tsofaffi biyar ko shida a jere, rana ɗaya suka zo. Rubuta sunayen duka. Galibi tare suka yi yaƙi, wani ya shaidi wani, kuma fayil ɗin abokin yakan faɗi abin da mutuminka ya manta.

To me kotu za ta ba ka wanda Washington ba ta da shi? Abu uku.

Na farko, abin da wuta ta ci. Gobarar Ma'aikatar Yaƙi ta 8 ga Nuwamba 1800 ta hallaka takardun fansho na farko, ƙona Washington da sojojin Birtaniya suka yi a 1814 ya ƙara ɓarna. Naƙasassun da suka nema tun shekarun 1780, sawunsu a gunduma ya saura. A Virginia kotun gunduma ce take duba raunin, a Pennsylvania kotun marayu ce take yanke abin da za a ba naƙasasshe ko matar mamaci.

Na biyu, shaidar mutuwa. Idan mai fansho ya rasu da ragowar kuɗi a hannun gwamnati, magada sukan zo kotu su tabbatar da ranar da ya mutu, ko ya bar mata, da sunayen 'ya'yan da ke raye, har da sunayen auren 'ya'ya mata. Wannan sakin layi guda yakan warware abin da wasiyya ba ta warware ba, domin talaka ba ya barin wasiyya. Saboda haka kada ka rufe littafin a 1832. Bi shi har shekara biyu bayan mutuwarsa.

Na uku, waɗanda suka rantse amma takardarsu ba ta taɓa isa ba, ko suka mutu kafin a aika.

7. Idan ba a ɗora a intanet ba

Fara gano wanda yake riƙe da littafin yau. Virginia ta soke kotunan gunduma a 1904, littattafansu suna hannun akawun kotun da ake kira circuit court. North Carolina ta soke nata a 1868, yawancin tsofaffin takardun suna ma'adanar jiha a Raleigh. A Kentucky akawun gunduma ne. Imel ɗaya zuwa ma'adanar jiha yakan raba gardama.

Wasiƙarka ta zama gajeriya: suna, sunan kotu, wata da shekara, lambar littafi in ka sani. Kada ka ba da tarihin iyali. Akawun nan takardun filaye da lasisin aure na yau ne a gabansa, ba a ɗauke shi don ya yi maka bincike ba. Na taɓa aika wa wani ofis shafi biyu na bayani, shiru har wata uku. Na sake aikawa da layi huɗu, amsa ta zo cikin mako.

Kuɗin kwafi ba shi da yawa, a Virginia santi 50 ne kowane shafi, mai hatimi ya ɗan fi haka. Kai ba ka bukatar hatimi sai in za a miƙa wa wata ƙungiya ko hukuma. Matsalar hanyar biya ce. Ofisoshi da dama cek ko takardar kuɗi ta gidan waya suke karɓa, tare da ambulan mai kan sarki. In kana gida, ka nemi wani ɗan'uwa a can, ko ka roƙi ƙungiyar tarihi ta gundumar, su kan yi a kan ɗan abin da ba ya taka kara ya karya. In za ka buga waya, agogonmu yana gaban na gabashin Amurka da awa biyar ko shida, to bayan la'asar ya fi.

Wanda yake can kuma zai iya zuwa da ƙafarsa, ya sa tufafin da ba ya ji da su. Littattafan manya ne, sai da hannu biyu, a kwance suke kan kanta mai gangarori, tsohuwar fatar bangonsu tana zubar da jan gari kamar na bulo. Na taɓa fita da farar riga ta koma kamar na yi dambe a kan jar ƙasa. Tafi da fensir, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto, sannan ka tambaya ko akwai takardun da ba a ɗinke ba, waɗanda ake naɗewa a akwatunan ƙarfe. Daftarin farko na rantsuwa a nan yakan ɓuya.

8. Yaƙin basasa: hanya ta rabu biyu

Sojan arewa gwamnatin tarayya ce ta biya shi, musamman ƙarƙashin dokokin 1862 da 1890. Nemo katinsa a fihirisa mai lamba T288, ka kwafe lambar nema da lambar amincewa da sunan rundunarsa. Yawancin fayilolin nan takarda ce har yanzu a ginin NARA na Washington. Ana odarsu da fom NATF 85: dala 80 cikakken fayil har shafi 100, santi 70 kowane shafi bayan haka. Akwai na dala 30 mai 'yan zaɓaɓɓun takardu, ban ba ka shawarar sa ba, domin shaidun maƙwabta da suka fi amfani su ake bari. Duba farashin ranar kafin ka biya, ka kuma shirya jira na watanni. Mai bincike da ke zaune a Washington yakan ɗauko maka hoto da sauri fiye da haka.

Baƙaƙen fata kimanin 179,000 ne suka yi wa arewa soja. Har da mutumin Kukawa ta Borno, Nicholas Said, wanda ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts a 1863. Matan irin waɗannan sojoji sun sha wuya, domin doka ba ta san auren bayi ba. A Virginia da North Carolina an buɗe rajistar ma'aurata tsofaffin bayi a 1866, gunduma-gunduma, a can za ka nemi hujjar. Marayu kuma sai kotu ta naɗa musu waliyyi kafin a biya, ka duba littafin walicci.

Sojan kudu jiha ce ta biya shi, ba tarayya ba. Kuskuren da kowa yake yi shi ne neman sa a jihar da ya yi wa yaƙi. Jihar da yake zaune lokacin nema ita ce mai takardar. Wanda ya yi yaƙi a rundunar Georgia ya tsufa a Texas, a Texas za ka same shi. Virginia ta fara a 1888, Tennessee 1891, Texas 1899, Kentucky 1912, Oklahoma 1915. A nan hannun gunduma ya fi tsawo, domin alƙalinta ko kwamitinta ne yake tantancewa kafin a tura babban birnin jiha, wasu gundumomin kuma sun ajiye nasu littafin masu karɓa. Virginia da Florida sun ɗora nasu a intanet kyauta.

9. Auna maganar, ka rubuta inda ka samo ta

Tsoho ɗan 78 yana tuna abin da ya faru yana ɗan 17, kuma akwai kuɗi a gaba. Wurare da sunayen hafsoshi yawanci daidai ne. Shekaru da tsawon watanni su suke zamewa. Mace kuma tana da dalilin ja da ranar aurenta baya ta shige 1794, to gwada da rajistar aure ta gunduma.

Inda kwafin kotu da na Washington suka saɓa, rubuta duka biyun gefe da gefe, kada ka zaɓi wanda ya fi maka daɗi. Wanda ke Washington shi ne mai sa hannun mutumin ko alamarsa, na kotu aikin akawu ne.

Kowane hoto da ka sauke, canza masa suna nan take: jiha, gunduma, sunan kotu, lambar littafi, shafi, ranar zama. Lambar shafin littafi daban take da lambar hoton FamilySearch, rubuta duka biyun. Ɗauki hoton bangon littafin, da shafin da aka buɗe zaman ranar, domin a nan kaɗai kwanan wata yake, shigarwar mutuminka kuwa tana iya zama shafi shida a gaba ba tare da wata rana a kanta ba.